Amsa ga ɗalibin da Babansa zai zo ran Alhamis

Assalamu alaikum. Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce kai ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram, daga wani ƙauye na wajen Tanut ka fito, amma tun shekarar farko ka gaya wa 'yan fadarku, abokan zaman shayinku, cewa mahaifinka ɗan kasuwa ne mai shiga Kano da Agadas, alhali manomi ne. Yanzu ya aiko zai kawo awaki kasuwar Alhamis, yana son ya ga inda kake kwana da waɗanda kake zama da su, kai kuwa barci ya ƙaurace maka. Kana tambaya ko za su ci gaba da yi da kai in sun san gaskiya.

Ni tela ne, ba malami ba. Sai dai rigar nan da ka sa na taɓa sa irinta, tawa ma ta fi taka tsada.

A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, ina cikin waɗanda suka gudo. Shekara huɗu na yi a Sabha. Abin da na tara, rabi ya salwanta a hannun wanda na ba ajiya, saura aka karɓe a shingayen hanya. Muka biyo ta Dirku a saman babbar mota, mutum kan mutum, har Agadas. Ranar da na sauka a Damagaram jikka uku ce a aljihuna. To ka san idon da ake kallon wanda ya dawo daga Libiya da shi. Kafin in kai ƙofar gida yara sun riga ni da shela, sai bakina ya yi nauyi, na kasa cewa hannu biyu na dawo. Na ari shadda wurin ɗan kawuna, na riƙa cin bashin shayi da sukari wurin mai tebur, kullum dare ni ke ɗaukar nauyin fada. In an ce me zan kama, sai in ce kaya nake jira daga Kwatano.

Abin da ban hango ba shi ne, wanda aka ɗauka yana da shi, wurinsa ake zuwa. Abokina na ƙuruciya aka yi masa haihuwa, ya zo neman rancen jikka ashirin ya cika kuɗin ragon suna. Na ce ya dawo jibi. Jibi na ce gata. Ran gatan ina jin sallamarsa na lafe a ɗaki, na sa ƙanwata ta ce na fita. Cikin wata uku na yi suna a unguwa, amma sunan marowaci. Da tun farko na ce babu, tausayina za a ji. Sai ga shi na sayi baƙin jini da kuɗin da ko ganinsu ban taɓa yi ba. Ga kuma kaɗaici, wanda ya fi komai ci mini rai. Ina zaune tsakiyar mutum goma ana ta shewa, ni kuwa ina can ina lissafin abin da na gaya wa wane jiya, kada ya saɓa da na yau. Na tabbata ka san wannan lissafin.

Wani tsohon tela ne a bakin Kasuwar Dole ya cece ni, aminin mahaifina, Allah ya jiƙansu duka. Ya aika a kira ni. Na tarar yana kan keke, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ɗana, nawa ya rage a aljihun?" Na soma zancen Kwatano. Sai ya tsayar da ƙafa ya ce, "Yaron motar da ta kawo ku daga Agadas jikan maƙwabcina ne. Agogonka ka ba shi a bakin kuɗin mota. Tun ran da ka sauka na sani, jira nake ka gaji." Ya dubi shaddar da ke jikina, ya ce zanen aro ba ya rufe katara, sannan ya nuna mini wani tsohon keke Singer a lungu, ya ce in zo gobe da sassafe da kayan da ba na tsoron su yi datti.

Daren nan na faɗa wa 'yan fada. Ban iya tsara zancen ba, cewa kawai na yi ba ni da ko dala, shayin da muke sha ma bashi ne. Aka yi tsit. Can ɗaya ya fashe da dariya ya ce su dai sun daɗe suna mamakin attajirin da bai taɓa kiran kowa ba, sai dai ya taɓa wayarka ya kashe kai ka kira shi. Ashe fiye da rabinsu sun gane, kara kawai suke yi mini.

Ba zan ce maka kyauta aka sha ba. Mutum biyu sun janye jiki, shayin ne dama ya haɗa mu. Mai ragon suna kuwa ya kusa shekara ba ya amsa gaisuwata da kyau. Da muka shirya ya ce shi rashin bai dame shi ba, sintirin da na sa shi har sau uku ne ya tsaya masa a rai. Sauran suka haɗa mini kuɗin zare da allura, kuma su ne suka fara kawo mini ɗinki. Har yau da su nake, a hannunmu aka yi auren 'ya'yan juna.

A sana'a ma haka na gani. Kowa ya san "gobe ka zo" ta tela in salla ta matso. Ni da azumi ya raba tsakiya nakan ƙirga abin da ke gabana, wanda ya zo bayan nan in ce masa ba zai samu ba kafin idi, ya kai wani wuri. Shekarar farko na ga kuɗi suna wucewa ta gabana, har na yi ta zargin kaina. Yau akwai masu aiko mini da shadda daga Mirriya da Magariya ba tare da sun tako ba, don sun san in na ce Talata, Talata ce.

Amma kada ka ji wannan ka ɗauka cewa nake ka zazzage cikinka a fada. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rufin asiri daban, ƙaryar arziki daban. In gidanku an kwana ba a ɗora tukunya ba, babu wanda ya wajaba ka gaya wa, shirunka naka ne. Amma ka ƙago wa kanka wani uban, wannan bashi ne da kake biya kullum da safe. Kuma akwai masu gasa wa mutane magana su ce ai su ba sa munafunci. Wannan rashin kunya ce kawai aka sa mata hula.

Batun raini da kake tsoro, ba zan musa ba, mu 'yan Damagaram muna da ji da kai. Garin Sarki Tanimun ne, kuma nan ne babban birnin ƙasa kafin a mai da shi Yamai a 1926, ba mu manta ba. Za ka iya samun mai ce maka baƙauye. Amma ka tambayi 'yan fadar taku ɗaya bayan ɗaya inda kakansa ya fito, ka ji sunayen ƙauyuka. Geron Damargu kuma, yankinku na Tanut, tun zamanin ayari yake ciyar da mutane, birni da daji. Wanda ya noma shi ba abin ɓoyewa ba ne.

Kada ka jira Alhamis. Yau ko gobe ka ja wanda ka fi yarda da shi gefe ka gaya masa, a gajarce, ban da dogon uzuri. Ka ce kunya ce ta sa ka, ka yi kuskure. Shi zai taya ka da sauran. Ni abin da ya fi damuna a zancenka ma ba abokan ba ne, Baba ne. Kada ka kuskura tsohon nan ya zauna cikin yara wani ya tambaye shi ya kasuwar Kano, ya dube ka ya gane.

Ran Alhamis ka yi sammako ka tare shi. Ka karɓi igiyar awakin a hannunsa, ka tsaya kusa da shi wurin dillalai. In an gama ciniki ka kai shi fada, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ka ce ga Babana daga gida. Kofin farko na shayin a miƙa masa, kuma ka tambaye shi tukuna ko yana son sukari da yawa.