Ƙibar ɓeraye da ƙwaƙwalwa: da sauran tafiya kafin a kai ga magani

Yaya, kin ce kin karanta cewa wani sinadari a ƙwaƙwalwa na sa ɓeraye ƙiba, kina tambaya ko akwai maganin da za ki saya ya toshe shi. Kada ki kashe kuɗinki, a ɗakin gwaji aka tsaya. Sunan sinadarin gulukokinas. Shi ne matakin farko na sarrafa sukarin jini a wasu ƙwayoyin haifotalamas, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa. A Kwalejin Imperial ta Landan an ƙara ƙarfinsa a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai suka riƙa wawurar ruwan gulukos (wani nau'in sukari), suka ƙara nauyi.

Matsalar ita ce hanta da fankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin mai daidaita sukarin jini, su ma da shi suke aiki, wanda ya toshe shi barkatai zai hargitsa sukarin jini. Abin da ya fi jan hankalina, yunwa na ƙara wa gulukokinas kuzari. Na ga irin haka a kaina lokacin azumi nan Birnin Kebbi: ana kiran magariba hannuna kan kunu mai sukari yake zuwa. Da na koma fara wa da dabino uku da ruwa, na yi salla sannan na ci tuwo, kwaɗayin zaƙin ya ragu sosai.