Ƙugiyoyin kakana masu gashin tsuntsu: yaya zan sa su a gilashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen gandun daji a nan Katsina kafin a sami 'yancin kai, kuma da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa wani ɗan gwangwani mai murfi. A watan jiya muna gyaran ɗakin mahaifina sai muka ci karo da shi a ƙasan adaka. A ciki akwai ƙugiyoyin fatsa guda 31, kowace an naɗe ta da zare an yi mata ado da gashin tsuntsu mai launi. Wasu ƙanana ne kamar ƙuda, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa. Kaɗan daga ciki sun yi tsatsa, kuma akwai wani gari-gari a gindin gwangwanin. Ina so in sa su a firam mai gilashi in rataye a falo, kuma mai firam ya ce in kawo ya liƙa su da gam a kan jan karammiski. In ba shi? Daga mai karatu a Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kyautata namu zuwan. Kada ka ba mai firam ɗin nan tukuna, kuma ko bayan ka ba shi, kada gam ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke hannunka shi ne ƙudan fatsa irin na Turawa. Masuntanmu na Zobe da Ajiwa suna sa wa ƙugiya koto na gaske, kamar tana ko ɗan ƙaramin kifi, amma a kogunan Ingila da Sikotland akwai masu ɗaura gashin tsuntsu da alharini a jikin ƙugiya su jefa a ruwa don su yaudari kifi. Ƙananan an yi su ne su kwaikwayi ƙwarin da ke sauka a kan ruwa. Manyan masu launi kuwa na kifin salmon ne, kuma a zamanin Sarauniya Biktoriya ɗaura su ya zama sana'ar gwaninta da alfahari. Mafi shahara a cikinsu shi ne Jock Scott, wanda aka ƙirƙiro a yankin kogin Tweed na Sikotland wajen shekarar 1850. Rabin jikinsa na baya rawaya ne, na gaba baƙi, kuma ana haɗa shi da gashin tsuntsaye fiye da goma, ciki har da ɗawisu da jimina da zabo. Idan ka duba wuyan manyan naka ka ga gashi baƙi mai ɗigo-ɗigon fari, to na zabo ne, irin wanda muke kiwo a gida. Gashin jimina kuwa yana daga cikin kayan da fatake suka riƙa ketare Sahara da su daga ƙasashenmu zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, daga can a wuce da shi kasuwannin Landan da Faris.

Ka kuma duba inda ake ɗaura igiyar fatsa. Idan ka ga ido na ƙarfe, wannan shi ne ƙirar da ta yaɗu daga ƙarshen ƙarni na 19. Idan kuwa ka ga wata 'yar maɗauki mai kama da jijiya, an murɗa ta an ɗaure a kan ƙugiyar, to wannan tsohuwar ƙira ce. Daga cikin tsutsar alharini ake zaro wannan jijiya, kuma yankin Murcia na ƙasar Sifen ya yi suna wajen yin ta. Masu ɗaura ƙudan salmon sun ci gaba da aiki da ita har cikin ƙarni na 20. Idan ta tsufa takan bushe ta yi gautsi, saboda haka kada ka ja ta, kada ka lanƙwasa ta, kada kuma ka rataye ƙugiyar da ita.

Garin da ka gani a gindin gwangwani shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin alama ce ta asu ko ƙananan ƙwarin da tsutsarsu ke cin gashi da ulu da fata. Na taɓa ganin aikinsu da idona a wani gida a Daura. Maigidan ya gaji figini na gashin jimina daga mahaifinsa, ya sa aka yi masa akwatin gilashi mai kyau, aka rufe aka ajiye a ɗakin baƙi. Bayan damina biyu ya kira ni in duba. Gilashin tas yake, babu ƙura ko kaɗan a wajensa, amma a ciki tsinkayen gashin kawai suka rage a tsaye kamar tsintsiya, ga gari ya taru a ƙasa tare da 'yan kwasfar da tsutsar ta bari. Ƙwan asun yana jikin gashin tun kafin a rufe, gilashin kuma ya ba shi wurin da babu mai damunsa. Har yau idan na tuna yadda dattijon ya tsaya yana kallon akwatin ba ya cewa komai, raina yakan ɓaci, domin abin da zai hana wannan asara ba shi da tsada.

Maganin da gidajen adana kayan tarihi suke amfani da shi shi ne sanyi. Ka jera ƙudajen a cikin ƙaramin kwali tsakanin farar takarda mai laushi yadda ba za su gogi juna ba, ka sa kwalin a leda mai kauri, ka matse iskar, ka rufe bakin sosai, ka ƙara wata ledar a kai. Daga nan sai firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, har mako biyu ba tare da yankewa ba. Na san halin wutar lantarki a garinmu, shi ya sa nake ba ka shawarar ka nemi mai firizar sola ko masu sana'ar ƙanƙara da injinsu ba ya mutuwa, kuma idan sanyin ya tafi a tsakiya, ka sake ƙirga kwanakin daga farko. Idan ka fito da ledar kada ka buɗe ta sai ta yi kwana ɗaya a ɗaki, domin raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda, kada ta sauka a kan ƙarfen. Kafur yana korar ƙwari, amma ba na son a rufe shi a cikin firam tare da kayan, domin tururinsa yana iya taruwa a jikin gashin, kuma shaƙarsa ba ta da kyau ga mutanen gida.

Batun tsatsa gajere ne. Kada ka kankare ta da wuƙa ko samfefa, kada ka shafa mai, domin man zai bi zaren ya shiga gashin ya bar tabon da ba ya fita. Ka share abin da ya saki da busasshen buroshi mai laushi, ka bar sauran. Idan babu danshi tsatsar ba za ta ci gaba da sauri ba. Ka riƙa ɗaukar kowace ƙugiya da matsefata ta wajen lanƙwasarta.

Dalilin da ya sa na hana gam shi ne, duk abin da za a yi wa tsohon kaya ya kamata ya zama wanda za a iya warwarewa ba tare da an bar masa alama ba. Gam yana shiga zare, yana yin rawaya idan ya daɗe, kuma ranar da aka so cire ƙugiyar sai ta fito da rabin adonta. Ɗinki ya fi. Ka sami farantin robar nan mai ramuka a cikinsa wanda masu allon talla suke aiki da shi, ka lulluɓe shi da alawayyo ko farin saƙi na auduga wanda aka wanke aka ɗauraye sosai, babu bula babu sitati, domin sitati abincin ƙwari ne. Kowace ƙugiya ɗauri biyu ya ishe ta: ɗaya a lanƙwasa, ɗaya a bayan kai. Ka huda farantin da allura, ka zura siririn zaren auduga ya rungumi ƙarfen, ka ƙulla a baya. Ka guji ulu da duk yadin da aka yi da gashin dabba, domin yana fitar da sinadarin farar wuta wanda ke baƙanta zaren azurfar da aka naɗe jikin ƙudajen da shi. Jan karammiski kuwa, ban da rinin da zai iya zuba idan ya ji laima, zai cinye launin gashin, alhali a kan fari kowane ɗigo na zabon nan zai fito.

Firam ɗin ya zama mai zurfi, santimita 3 zuwa 4 tsakanin gilashi da yadi, yadda babu gashin da zai taɓa gilashin. Masu haɗa tagogin alminiyam za su iya yi maka shi, kuma ya fi katako aminci, domin filawud da ɗanyen katako suna fitar da tururi mai tsami da ke cin ƙarfe a rufaffen wuri. Idan kana son katako don kyansa, kafinta ya yi da busasshen maɗaci, ya shafe cikinsa da fenti mai kama da ruwa, a bar shi a buɗe ya sha iska wata guda kafin a sa komai. A rufe bayan da sukurori, a zagaye gefen da tef don ƙurar hunturu da hayaƙin turaren wuta.

Yanayin Katsina yana wahalar da irin wannan kaya. A hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta ya haura 70, alhali gidajen tarihi suna ƙoƙarin tsayar da shi tsakanin 45 da 55. Firam mai rufi sosai yana rage wannan hawa da sauka. Ka rataye shi a bangon da ke tsakanin ɗakuna, wanda rana ba ta dukansa daga waje kuma ruwa ba ya jiƙa shi, nesa da taga da kicin. Haske yana kashe launin gashi da rinin alharini, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Da ni ne, zan ɗinka wa firam ɗin ɗan labule da za a riƙa ɗagawa idan baƙi sun zo. Ka riƙa leƙa gindinsa sau ɗaya a wata, musamman da damina, ko sabon gari ya taru.

Idan wani ya taya su don ya fitar waje, ka yi hattara. Wasu daga cikin tsuntsayen da aka yi ado da gashinsu suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da ta fara aiki a 1975, wadda Nijeriya ke cikinta, kuma ketare iyaka da su yana buƙatar izini. Son irin wannan gashi ya yi tsanani a tsakanin masu ɗaura ƙudan salmon, har a 2009 wani matashi Ba'amurke ya fasa gidan tarihin tsuntsaye na Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299.

Gwangwanin ma kada ka yar da shi. Ka duba murfinsa da gindinsa ko akwai tambarin kamfani, irin Hardy, masu kayan fatsa na garin Alnwick a Ingila da aka kafa a 1872, ko sunan wani maƙerin ƙugiya na garin Redditch, shi ma a Ingila. Kafin ka cire komai ka ɗauki hoton yadda suke jere a ciki. Sannan ka zauna da dattawan gidanku, ka rubuta sunan kakanka da aikinsa da shekarun da ya yi a gidan Baturen da fensir a kan takarda mai kauri, domin tawadar biro tana koɗewa, ka sa takardar a ambulan ka maƙala a bayan firam ɗin.