Tambaya da Amsa: Laftof Ɗina Ta Yi Nauyi, SSD Zai Gyara Ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, kusa da Jami'ar Jihar Gombe. Laftof ɗina Dell Latitude E6430 ce 'yar Beljiyam, RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar aiki) 4GB, had-dis 500GB. In na kunna ta sai ɗalibai sun gaji da tsayuwa kafin Word ya buɗe. An ce in sa mata SSD. Wane iri zan saya, kuma ayyukan mutane da ke ciki ba za su salwanta ba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, an ba ka shawara mai kyau. Had-dis faifai ne da ke juyawa, allura tana yawo a kansa tana neman fayil, gudunsa da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa. SSD, wato ma'ajiyar da za ta maye gurbin had-dis, ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma na SATA (irin bakin jonawar da laftof ɗinka ke da shi) yana kai wa 500MB zuwa 550MB.

Inda ake yin asara shi ne wajen saye. Naka SATA ne mai inci 2.5. Za a iya miƙo maka wani siriri mai kama da sandar RAM, wato M.2, a ce NVMe ne, ya fi gudu. Gaskiya ne, amma E6430 ba ta da gurbinsa. Ka nemi 512GB, ko 256GB idan takardu ne kawai. Mu dai ba ma ba da shawarar 128GB, don Windows da Office za su cinye kaso mai yawa, kuma SSD in ya cika maƙil gudunsa na raguwa. Ka tsaya kan sanannun kamfanoni irin su Samsung, Crucial, Kingston ko WD. Kafin ka biya, a jona shi a buɗe manhajar CrystalDiskInfo. Idan aka ce sabo ne amma ta nuna ya yi aikin dubban awoyi, gwanjo ne aka sauya wa kwali.

Kafin komai, kwashe ayyukan mutane ka zuba a filash. Sannan ka sayi wayar USB mai bakin SATA, ka jona SSD ɗin ta waje, ka kwafe tsohon faifan gaba ɗaya da manhaja irin Macrium Reflect. Sharaɗin shi ne abin da ke ciki kada ya fi girman sabon: kayan 300GB ba za su shiga 256GB ba. Ka zaɓi duk ɓangarorin faifan, har da ɗan ƙaramin nan na farko. Shi ke tayar da Windows, in aka bar shi kwamfuta za ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Batirin irin waɗannan laftof yawanci ya mutu, don haka ka yi aikin a kan janareta ko sola, domin in aka ɗauke wuta a tsakiya sai an koma farko. Idan kuma Windows ɗin ya cika da bairos, kada ka kwaso ciwo ka kai sabon gida. Ka ɗora sabon Windows a kan SSD ɗin daga filash mai 8GB.

Sai sauyawa. Kashe laftof ɗin, cire caja da batir. A lokacin hunturu jiki na tara lantarki, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa cikinta. Kwance sukurorin da ke riƙe da had-dis a ƙasa, ka zaro shi ta gefe, ka mayar da murfin robarsa kan SSD. Idan sabon yana rawa a gurbin, siriri ne mai 7mm, sai a sa masa 'yar robar ciko. In ba ta tashi ba, danna F12 da zarar ka kunna ta, ka zaɓi SSD ɗin.

Da RAM 4GB, Chrome zai ci gaba da shaƙewa. Ka ƙara RAM irin DDR3 ya kai 8GB.

TAMBAYA: Daga Yelwa, Bauchi: na sa SSD, me zan yi da tsohon had-dis?

AMSA: Kada ka goge shi sai sabon ya yi sati yana aiki lafiya. Bayan nan ka saya masa akwatin USB ya zama ma'ajiyar waje, ko ka cire na'urar DVD ka sa shi a gurbinta da ƙarfen da ake kira kadi. Auna kaurin gurbin tukuna, don akwai 9.5mm, akwai 12.7mm.