Amsoshin Tambayoyinku: Rile, Fiyus da Firjin Hajiya

Wani direba da ke jigila tsakanin Damagaram da Mirya ya ce fitilun motarsa sun yi rauni, ya sa rile mai 40A (amfiya 40, wato yawan wutar da zai iya ɗauka) bai ga canji ba. Yana tambaya ko ya nemi mai 80A.

Malam, riƙe kuɗinka. Rile ba ya samar da wuta, makunni ne kawai. A cikinsa akwai siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Idan ka kunna fitila, 'yar wuta kaɗan ke shiga ta ƙafafun rilen masu lamba 85 da 86, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan ƙarfe, ka ji ƙas. Daga nan ƙafa ta 30 ta haɗu da ta 87. Wutar da ke bi ta wannan hanya daga batir take fitowa. Rile kan famfo ne, in babu ruwa a bututu, girmansa ba zai cika tulu ba. Ƙwai biyu masu wat 55 kusan 9A suke ja, ka ga mai 40A ya isa har da ragi. Ina zargin mai gyaranka ya ɗauko wutar ƙafa ta 30 daga tsohuwar wayar fitilar. A jawo sabuwa mai kauri daga batir, a kankare tsatsa inda wayar dawowa ta kama jikin mota.

Kuma don Allah a sa fiyus mai 15A dab da batir. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Fiyus ya ƙone, sai a naɗa masa waya ko takardar kwalin taba, wai an yi dabara. Ranar da waya ta goge ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai yanke wutar, ga fasinja cike da mota, ga jarkar mai a baya. Haka rile na jabu da ya cika kasuwa: 40A a rubuce, ka fasa shi ka tarar da bakin haɗinsa sirit, ya yi baƙi, robar mazauninsa ta narke. Mutum ya ƙi ƙara 'yan daloli a kasuwar Dole, ya zo yana biyan jikkuna wajen sake wayoyi. Bayan an sa sabo, bar fitila a kunne minti 10 ka taɓa shi. Ɗumi ba laifi, amma in ya ƙona yatsa, cire rilen.

Wani kuma yana tambaya ko rile na 12V zai yi a babbar mota mai 24V. Haba! Ga shi a rubuce a jikinsa. Naɗin zai ƙone.

Wata Hajiya daga Birni mai sayar da ƙanƙara ta ce firjinta yana ƙas-ƙas ba ya tashi, an ce sai ta sauya kwamfuresa, wato injin da ke sa firji sanyi, ta kasa barci.

Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. A gefen kwamfuresa akwai ƙaramin rile mai tayar da ita, kuma sau da yawa shi ke mutuwa, kuɗinsa bai kai komai ba a kan nata. Raunin wuta ma yana jawo wannan ƙara. Ki zare firjin daga wuta yanzu, don yawan yunƙurin na iya kashe kwamfuresar. Sai ki sa wani mai gyaran ya auna wutar gidan, ya gwada sabon rile a gabanki kafin ki fitar da ko dala.