Ƙarin basira ba ya tabbatar da hali zai zauna yadda yake

Malam, ka tambaya ko mutumin da ya ƙara wa kansa kaifin basira, ta magani ko ta na'urar da ake dasawa a ƙwaƙwalwa irin wadda kamfanin Neuralink ya fara sa wa ɗan Adam a 2024, zai ci gaba da riƙe amana da kunya da tausayi kamar da. Babu tabbas, kuma ni na fi zaton za su motsa. Ƙwaƙwalwar da ke lissafi ita ce dai ke auna daidai da kuskure, da wuya a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Likitoci sun san cewa wasu magungunan cutar Parkinson (cutar da ke sa karkarwar jiki), masu aiki irin na wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dopamine, kan jefa wasu majinyata cikin caca da kashe kuɗi ba ji ba gani, alhali a da ba halinsu ba ne. Sau da yawa iyali ne ke fara lura, ba shi mai shan maganin ba.

Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin wanda ya canza kansa da sabon tunanin zai auna tsohon halinsa, kuma zai ga ya yi daidai. A Kantin Kwari na ga yaran shago da suka goge a ciniki. Ba su manta ha'inci haramun ba ne, hujjar halasta shi ce suka ƙware wajen nemowa. Waɗanda suka tsaya su ne masu uba ko malami ko maigida da zai ce musu kul, su kuma ji. Sharaɗin ke nan a ganina: a samu wani a waje, wanda ba a taɓa tasa ƙwaƙwalwar ba, mai ikon dakatar da abin tun yana mataki na farko.