Tambaya da Amsa: Dillalin mota ya ƙara mini kusan dala 2,600

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, ina zaune a Bronx da ke birnin New York, tuƙin haya nake yi. Na ga an tallata wata mota ta hannu a intanet a kan dala 18,500. Da muka zauna rubuta takarda, ban da haraji, sai ga kuɗin takardu dala 899, kuɗin shirya mota 995, iskar naitirojin a taya 299, da zana lambar mota a jikin gilashi 399. Dillalin ya ce dole ne. Ban sa hannu ba tukuna. Na ji an ce gwamnatin tarayya ta hana irin wannan, gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka da ka riƙe alƙalaminka, domin yawancin wasiƙun da nake samu a kan wannan batu sai bayan an sa hannu suke zuwa.

Abin da ka ji yana da tushe, amma ya tsufa. A watan Disamba 2023 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta fitar da dokar da ake kira CARS, wadda ta tilasta wa dillalai faɗin cikakken farashi tun farko, ta kuma hana cajin kuɗin abin da ba shi da amfani ga mai saye. Ƙungiyar dillalan motoci ta ƙasa da ta jihar Texas suka garzaya kotu, kuma a watan Janairu 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar, saboda hukumar ta tsallake matakin sanarwar farko da ya wajaba a kanta. Dokar ba ta taɓa fara aiki ba. Wannan hukunci ya yi mini ciwo, domin talaka ne da baƙo irinka suka yi asara.

Sai dai kai kana da kariya a inda kake zaune, kuma ta fi ƙarfi a kan abin da ya same ka. A jihar New York, kuɗin takardu ba ya wuce dala 175. Wanda ya rubuta maka 899 ya karya doka, ko da wane suna ya laƙaba masa. Sannan a cikin birnin, hukumar DCWP mai kare masu saye da ma'aikata ce ke ba dillalan motocin hannu lasisi, kuma ƙa'idarta ta ce mota a sayar da ita a farashin da aka tallata, mai saye kuma yana da ikon ƙin duk wani ƙari. Ba za a tilasta maka karɓar bashi ta hannun dillali ba.

Abin da ba makawa sai ka biya shi ne na gwamnati: harajin saye, wanda a birnin ya kai kashi 8.875 cikin ɗari, da kuɗin rajista da na takardar mallaka. Naitirojin kuwa bai cancanci a caje ka kuɗinsa ba, domin iskar da muke shaƙa ma kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Wanke mota da shirya ta aikin mai sayarwa ne, ribarsa na cikin 18,500 ɗin.

Ka ɗauki hoton tallar a wayarka yau, kafin a sauya ta. Ka koma da wanda ya iya karatun Turanci sosai, ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin da za ka fita da motar, layi-layi. Kada ka yarda a mayar da maganar kan nawa za ka riƙa biya a wata, don nan ake ɓoye ƙarin. Idan dillalin ya ƙi cire ƙarin kuɗin nan, ka tashi ka tafi, ka kira 311, lambar wayar hukumomin birnin, ka shigar da ƙorafi da hoton tallar da kwafin takardar da ya ba ka.