Amsa: finafinan ɓarayin Italiya masu ban dariya, da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka labarin tsofaffin finafinan Italiya na 'yan fashi masu ban dariya, kana tambaya ko irin na Mafiya ne, kuma da wanne za ka fara. To, ka ajiye Mafiya gefe tukuna. Na daɗe ina bin finafinan nan, kuma a yawancinsu babu ubangida mai kwat da ake sumbatar hannunsa. Ƙananan ɓarayi ne da yunwa ta kora sata, satar ma ba su iya ba.

Ka fara da I soliti ignoti na Mario Monicelli, na 1958. In ba ka same shi da wannan suna ba, a Amurka Big Deal on Madonna Street suka sa masa. Mara kala ne, kada hakan ya kore ka. Wasu 'yan cuwa-cuwa ne a birnin Rum suka shirya fasa akwatin ƙarfe na gidan jingina, ta hanyar huda bango daga gidan maƙwabta. Duba dai rundunar: Vittorio Gassman ɗan dambe ne mai i'ina da bai iya damben ba, Marcello Mastroianni mai ɗaukar hoto ne da ke fama da renon jariri, don matarsa na kurkuku kan fasa-ƙwaurin sigari, sai wani tsoho, Capannelle, wanda duk inda aka shiga abinci yake nema. Daren aikin suka sha wahala, suka huda bangon, sai ga su a kicin ɗin gidan da suke ciki. Gari ya kusa wayewa, suka zauna suka cinye tukunyar taliya da wake da suka tarar.

Za ka fi jin daɗinsa in ka san wanda ake tsokana. A 1955 an yi Rififi a Faransa, na Jules Dassin, inda ƙwararru suka fasa shagon gwal, aka yi wajen rabin awa ba wanda ya ce uffan. Monicelli ya ɗauki tsarin nan ya miƙa wa mutanen da ba sa iya rufe baki. Amma abin da ya riƙe ni ba tsokanar ba ce. Unguwannin bayan gari ne da ake nunawa, da gidajen da ake ta ginawa waɗanda su ba za su taɓa shiga ba. Akwai ma Cosimo, wanda asali shi ke da shirin: ya fizge jakar wata mata, jirgin ƙasan cikin gari ya take shi ya mutu, a tsakiyar fim ɗin dariya. Duk wanda na kalla da shi, a nan yake yin tsit.

Totò ya fito a ciki, na ɗan lokaci kaɗan, a matsayin tsohon gwanin fasa akwati da ke koyar da su a saman bene, 'yan sanda na sa masa ido. Yadda ganin fuskar marigayi Ibro kawai ke sa mutanenmu dariya, haka Totò yake a wurin Italiyawa. In ya burge ka, nemi Guardie e ladri na 1951, shi da Aldo Fabrizi: ɓarawo da ɗan sandan da ke farautarsa, iyalansu suka shaƙu, dukansu talakawa. Hukumar tace finafinai ta ba shi wahala kafin ya fita, don an nuna mai kaki yana abota da ɓarawo.

Gargaɗi ɗaya: rabin dariyar a karin harshe take. Ɗan Rum, ɗan Napoli, ɗan Sisili, kowa da nasa, kuma rubutun fassara na ƙasan allo ba ya ɗauko wannan. Ni na koma kallon hannuwa da fuskoki, sun isar.

An yi ci-gaban I soliti ignoti a 1959, Nanni Loy ya ba da umarni, aka kai su Milan satar kuɗin cacar ƙwallo. Ba laifi, amma bai kamo na farko ba. Na fi son Operazione San Gennaro na Dino Risi, na 1966, inda Amurkawa suka zo Napoli satar dukiyar waliyyin garin, Nino Manfredi ya je yana neman izinin waliyyin kafin a yi.

In kuwa lallai Mafiyar kake so, akwai Mafioso na Alberto Lattuada, 1962. Alberto Sordi ma'aikacin masana'anta ne a Milan da ya kai iyalinsa hutu ƙauyensu a Sisili. Rabin farko dariya ce zalla. Daga baya ubangidan garin ya nemi a biya shi alherin da ya yi, aka sa Sordi cikin akwati zuwa New York ya kashe mutum. Wannan ka bar shi sai ka gama da sauran, kuma kada ka kunna shi da yara a ɗaki.